Ustaz Shaham da Amanar Ƙarfe

A Hillat Sambo, ƙauyen Hausawa da ke gaɓar kogi kusa da Suki, rabon da a kira Abdulganiyu da sunansa na yanka tun ranar ɗaurin aurensa. Yaro da babba Ustaz Shaham suke ce masa. Shaham shi ne giris a bakin mutanen Sudan, kuma duk wanda ya taɓa gaisawa da shi ya san inda sunan ya samo asali, don sai ya nemi abin goge hannu. Sauran malamai suna tafiya makaranta cikin farar jallabiya suna ƙamshin turare, shi kuwa yana tafe da shuɗiyar rigar aiki da baƙin farce, yana warin jaz, wato man dizal. Matarsa Hanaa ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta ware masa kwanonsa da tabarmarsa, aka zauna lafiya.

Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zama mai datti a garin nan. Kakanninsu daga Sakkwato suka taso da niyyar Makka, suka iso bakin kogi suka sauke kaya, har yau ba a ɗauka ba. Sun yar da abubuwa da yawa a hanya, Hausar ma jikoki sun fara sakinta, amma tsabta tana nan daram. Gari ne da ake auna mace da gindin tukunyarta. Wadda ta ari tire ta mayar da shi yadda ta karɓo, ba ta da tarbiyya. Sai ta dirje shi da toka da yashi ya fi yadda ya zo haske, sannan a ce 'yar mutunci ce.

Mahaifinsa, Malam Alhasan, da saluka ya yi noma har ya koma ga Allah. Saluka sanda ce mai tsini da wurin taka ƙafa, a huda laka da ita, a jefa dawa, a rufe, rami bayan rami, tun fitowar rana har bayan mutum ya ƙi miƙewa. Burin tsohon shi ne ɗansa ya zama likita ko alƙali, ko wane ne dai mai aiki a inuwa. Da sakamakon jarrabawa ya fito, makin yaron bai kai na babbar sakandare ba, aka tura shi sakandaren sana'a, sashen injinan noma. A lokacin makarantar waɗanda suka faɗi ake ce mata. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna yi wa Malam Alhasan jaje kamar an yi masa gobara.

Yaron bai ga abin jaje ba. Ranar da aka fara buɗe masa cikin inji, ya ga yadda ɗigon mai ke zama ƙarfin da ke jan garma, sai ya tuna bayan ubansa, ya ji a ransa an daɗe ana cutar mutanen garinsu. Ya gama karatu, ya tafi Damazin ya yi shekaru yana gyara a manyan gonakin dawa da riɗi, inda tarakta ɗaya ke yin aikin gari guda kafin azahar. An so a riƙe shi can. Da ya ji an buɗe sashen injina a sakandaren da ke kusa da garinsu amma babu malami, ya tattara sifanoninsa ya dawo. Hanaa har yau tana cewa wannan ce babbar wautarsa, kuma ba don ta rasa wasu da za ta zaɓa ba.

Abin da ya tarar shi ne warsha, wato ɗakin gyara, mai rufin kwano da tarakta ɗaya ja, wadda ta girmi ɗalibansa duka. Da ita ya koyar da wa, ya koyar da ƙane. Kowane aji sai ya kwance ta ya mayar kafin ya fita, kuma duk damina ɗalibai ke fita da ita su nome gonakin zawarawa da tsofaffi, wannan ce jarrabawarsu ta gaske. Da Larabci yake koyarwa, don yaran sun fi jinsa, kuma ƙarafunan ba su da suna a Hausa. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: dattin ƙarfe rigarsa ce, wanda ya tuɓe masa ita ya miƙa shi ga tsatsa. Babu ɗalibinsa da bai haddace ta ba. Amma a warsha yake faɗarta, ga yara maza, bai taɓa tunanin tana da wani aiki a bayan katangar makaranta ba.

Sai yaƙi ya zo. Da farko a rediyo ake jinsa, can Hartum. Sannan aka ce ya shigo Madani, sannan aka fara ganin mutane da ƙunshi a ka suna wucewa ta hanyar Sinnar. Duk wanda ya tsaya shan ruwa labari ɗaya yake bayarwa: masu bindiga ba sa barin abin da ke da inji da taya, tarakta in dai tana tashi to ta tafi. Masu hali suka ɓoye nasu a cikin kara da cikin kwari. Ustaz ya san za a tono su, don taya tana barin sawu. Ya kwana biyu yana jujjuya abin, ya ga cewa ba a satar gawa.

Ya tara 'yan ajin ƙarshe ya ce musu jarrabawa ta matso. Suka kwance tarakta kamar yadda ya koya musu, suka ɗora gangar jikinta a kan duwatsu a tsakar warsha, suka watsa mata ƙasa da kashin kaji. Kowane ɗalibi ya ba shi yanki ɗaya ya kai gidansu ya ɓoye. Yankin da ya fi kowane tsada a ransa shi ne turumbar jaz, wadda ke auna mai tana tura shi cikin inji. Ba ta fi buta girma ba, amma ƙarafunan cikinta ko gashin kai ba ya wucewa tsakaninsu, kuma in babu ita tarakta tulin ƙarfe ce. Ya cika ta da jaz, ya toshe kafofinta da tsumma, ya shafe ta da giris har ba a ganin jikinta, ya naɗe a buhu. Ya danƙa wa Salih, wanda ya fi kowa hannu a ajin, maraya ne da kakarsa Hajja Aminat ta rena.

Dabarar ta ci. Masu bindiga suka shigo, suka kwashe taraktocin yankin kaf, suka leƙa warsha suka ga kaji a kan mataccen ƙarfe, ɗaya ya shure shi da ƙafa suka wuce. Amma da suka fara farautar samari, sai yaran suka watse. Salih ya bi ayarin da ya nufi Dindir. Da hanya ta buɗe, waɗanda suka tafi suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, a rame, kowa da abin da ba ya son faɗa. Salih bai dawo ba, kuma babu wanda ya ce ya ga gawarsa.

Daminar shekarar ta wuce ba a shuka abin kirki ba. Rumbuna suka ƙare, aka ci iri, aka sayar da awaki aka ci. Da ƙyar 'yan'uwa na Gadarif suka aiko da ɗan irin dawa. Gari ya zama tsofaffi da mata da marasa lafiya, babu ƙarfin da zai taka saluka ya rufe gonaki, kuma tarakta ɗaya da ta rage a duk yankin tana warwatse a ƙarƙashin gadajen mutane. Ƙasar wurin baƙar laka ce. Tsakanin yayyafin farko da ruwa mai nauyi akwai 'yar tazara, in ta wuce ko jaki ba ya shiga gona, balle inji. Kowa ya san haka, don haka kowa ya zuba wa Ustaz Shaham ido. Waɗanda da suke goge hannu bayan sun gaisa da shi, yanzu da hannu biyu suke riƙe nasa.

Ya bi gida-gida da amalanke. Wani yankin daga cikin rumbu aka zaro shi, wani an binne shi a gindin lemo an manta wane lemon, sai da aka tone rabin lambu. Ladeta kuwa, mai sanyaya ruwan inji, ya same ta an mayar da ita ƙyauren akurki, matar gidan har tana tambayarsa me zai ba kajinta a madadi. Sauran abin da ya karɓa duk yana cikin buhunsa da girisinsa, don a gidajen nan yaran ne suka ɓoye da hannunsu. Cikin 'yan kwanaki tarakta ta tsaya a kan tayoyinta. Saura turumba.

Hajja Aminat ta karɓe shi da mutunci, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo shayi ba sukari tana ba da haƙuri. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ƙafarta, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce abin yana nan lafiya, amma ba za ta ba shi ba.

"Wanda yab ba ni amana shi ka amsa, Ustaz," in ji ta. "Ya ce in riƙe mai har shi dawo. In na ba ka, shi zo shi tambaya, mi ni ka ce mai?"

Ya yi mata bayanin cewa kayan makaranta ne, shi ya ba yaron. Ta ce ta sani, amma ita ba daga hannun makaranta ta karɓa ba. Ya koma washegari, ya koma jibi. Ya tura liman, ta saurare shi har ƙarshe ta yi masa godiya. Ustaz ya ji haushi har ya kasa cin abinci, ga hadari ya fara haɗuwa ta kudu kowace la'asar. Hanaa ce ta ce masa shi dai ƙarfe kawai ya sani. Tsohuwar ba turumba take riƙewa ba. Ranar da ta miƙa ta ga wani, ranar ta yarda yaron ba zai dawo ba.

Sai ya koma da wata maganar. Ya durƙusa ya ce, "Hajja, ba amsa niz zo yi ba. Aro nika so. In an ƙare noma in maido miki, ki ci gaba da riƙe mai."

Ta ce aro kam ba a hana maƙwabci. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshi. Tun daga bakin ƙofa ya ga ba buhu ba ne a hannunta, farin ƙyalle ne wankakke, kuma ƙamshin turaren wuta yake yi, ba warin jaz ba. Ta ajiye a tabarma ta warware a hankali. Turumba tana ƙyalli kamar tiren amarya.

Da alfahari ta ba shi labari. Ta ce yaron cikin gaggawa ya kawo mata, bai samu damar tsabtace ta ba, ta buɗe ta tarar da ƙazanta har da tsummokara a cushe. Ita kuwa ba za a ce an ba ta amana ta mayar da datti ba. Ta cire tsumman ta yar. Duk Juma'a sai ta dirje ta da toka da lemon tsami, ta ɗura ruwa ta kafofin ta girgiza har ya fito fari, ta shanya a rana. Ko lokacin da ake tsoron fita ɗebo ruwa ba ta fasa ba, na shanta take ragewa. Ta nuna masa hannuwanta, toka ta tsattsaga su.

Ustaz ya kama ƙarfen da ke juyawa a gindin turumbar ya murɗa. Bai motsa ba. Ya sake murɗawa da ƙarfi, kamar yana murɗa dutse. Ya ce Allah ya saka mata da alheri, ya naɗe ƙyallen ya fita.

A warsha ya rufe ƙofa ya buɗe cikinta. Jar tsatsa ce ta haɗe komai ya zama abu ɗaya. Ya jiƙa ta a jaz, ya jiƙa a man inji, ya ɗumama, ya bubbuga da katako, ya yi duk abin da ya hana ɗalibansa yi. Da ƙarafunan suka rabu, sai ya ga tsatsa ta cinye fuskarsu ta bar ramuka. Ya san babu amfani, amma ya goge ya mayar ya ɗaura. Aka tara samarin da suka rage suka tura tarakta daga warsha har bakin masallaci, yara na biye suna jiran hayaƙi. Ko tari ba ta yi ba. Aka turo ta aka dawo da ita.

Ya hau lori zuwa Sinnar, ya tarar shagunan kayan inji ƙofofi ne kawai a buɗe, an kwashe komai. Ya wuce Damazin wurin Jibril, abokin aikinsa na da, suka zaga duk masu gyara. Kowa irin turumbar yake nema, wanda ke da ita kuma tana jikin injinsa tana aiki. Aka ce ya jira kaya daga bakin teku, wataƙila bayan damina. Ya roƙi aron tarakta ko ta yini ɗaya, aka nuna masa gonakin da ke jiran layi. A hanyar dawowa ruwa ya tare su, irin wanda ba ya ɗaukewa da wuri. Yana zaune a bayan lori ruwa na dukansa, yana kallon laka tana kumbura a gefen hanya, ya yi kuka bai damu da wanda ke kallo ba.

Bayan la'asar dattawa suka kira shi gindin darbejiyar masallaci. Gari duka ya fito, mata suna daga gefe. Mai gari ya ce ba faɗa aka kira shi ba, amma mutane suna da hakkin sani. Kowane gida ya kawo abin da aka ba shi. To wane yanki ne ya lalace, kuma a gidan wa?

Ustaz ya san mutanensa. Ba za su taɓa tsohuwa ba, ba za su ɗaga mata murya ba. Za su dai yi shiru in ta shigo wuri, kuma duk yaron da ya kwanta da yunwa a rani mai zuwa za a san sunan da uwarsa ke ambata a zuci. Ita kanta in ta gane cewa hannunta ne ya kashe abin da Salih ya bar mata, ba za ta kai lokacin girbi ba. Kuma ya san inda kuskuren ya fara. Shekara da shekaru yana faɗar magana ɗaya a warsha, amma ranar da ƙarfe ya shiga ɗakunan mata bai bi shi da kalma ɗaya ta Hausa ba. Ya hango Hajja Aminat can ƙarshen mata, ta ɗora hannuwan nan a gwiwa tana jiran a yaba wa kowa.

"Kowa ya kawo nashi lahiya lau," in ji shi. "Ni nik kasa haɗa ta."

Wani dattijo sa'an ubansa ya girgiza kai ya ce ashe jajen da aka yi wa Malam Alhasan bai faɗi ƙasa banza ba, makarantar waɗanda suka faɗi ai sunanta ke nan. Wani ya ce in an buɗe makaranta ɗansa ba zai koma wannan sashen ba, gara ya koyi ɗinki. Babu wanda ya zage shi, suka dai tashi ɗaya bayan ɗaya. A gida Hanaa ta dube shi, ta san ƙarya ya yi, don ta san hannunsa. Ta zuba masa abinci a kwanon da take ci, ba a nasa ba.

Da safe ya shiga ɗakin ajiya ya zaro salukar ubansa, gara ta ɗan ci bakinta. Waɗanda ke da sauran ƙarfi sun riga sun fita, kowa zai huda abin da ƙafarsa ta iya, kuma kowa ya san ba zai kai su rani ba. Ya biya ta warsha don ya rufe ƙofa, sai ya tarar da Hajja Aminat a tsaye da sandarta. Ta ce ta zo karɓar aronta, tunda ba a yi aiki da shi ba.

Ya kwance turumbar daga jikin tarakta ya miƙa mata. Ta juya ta, ta ga baƙin sawun yatsunsa ko'ina a jiki, ta yi ɗan tsaki irin na uwa. Ta ce kada ya sa abin a ransa, kowane gwani yana da ranar da hannunsa ke ƙi.

"Bari Salih shi dawo," in ji ta. "Shi ka tashe ta."

Ya ce in sha Allah. Ta zauna a bakin ƙofar warsha, ta kama gefen mayafinta ta fara goge girisin. Shi kuwa ya saɓa saluka ya bi hanyar gona.